Bangon Bayan Ƙofa

Sunan da abokan sana'a suka sa masa shi ne Ba-Ɗigo, kuma ba da wasa suka sa ba. Shekara ashirin da shida yana shafa wa gidajen mutane fenti, ba a taɓa samun matar gidan da ta bi bayansa da tsumma tana goge ƙasa ba. Maigidan da ya koya masa aikin, wani tsoho mai zafin rai, farin ƙyalle yake shimfiɗawa a ƙarƙashin tsani da safe, da yamma ya ɗaga shi ya duba a hasken rana; in ya ga ɗigo ko guda ne, to ranar babu sallama. A haka hannunsa ya horu. Yana iya jan layin da ya raba kala biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, ba igiya ba ma'auni. Ya san ya iya, kuma bai taɓa ganin dalilin ɓoye wannan sani ba.

Ba rashin gwaninta ne ya raba shi da ƙaramin garinsu ba. Gine-gine ne suka tsaya. Masu hali sun kwashe sun koma babban birni, waɗanda suka rage kuwa in bango ya yi datti sai su rataya kalanda a wurin. Yana da shekara arba'in da bakwai ya kai matarsa da 'yarsu guda gidan surukarsa, ya ce su ba shi wata uku. Ranar da ya ajiye akwatin matarsa a tsakar gidan da ya ɗauko ta shekaru da yawa baya, bai iya kallon idon tsohuwar ba.

A birni, ƙanin matar tasa, direban motar wani kamfanin burodi, shi ya samo masa ɗaki. Gidan haya ne mai ɗakuna goma sha ɗaya da famfo guda, a bayan unguwar da ake ta tayar da sababbin benaye. Ɗakin ya yi sauƙin kuɗi ne saboda babu mai so. Wanda ya zauna a ciki kafin shi mai suya ne, hayaƙi ya mayar da silin baƙi ƙirin, tsaga ta taso daga taga ta sauka har ƙasa, bangon gabas kuma kullum a jiƙe.

"Yaya, kada ka yatsina fuska," in ji direban. "A garin nan wannan fada ce. Daga nan da ƙafa za ka je ko'ina. Je ka tambayi masu kwana a bayan gari: mota uku suke hawa da safe, uku da yamma. Abin da suka samu, su da masu mota suke rabawa."

Bai daɗe ba ya gane gaskiyar maganar. A birnin nan ruwan wanka saye ake yi. Inuwar da mutum zai zauna ya jira wani ma, sai ya sayi abu kafin a bar shi a kan benci. Ladan mai fenti a wurin ya ninka na garinsu, amma kafin ya shiga aljihu an riga an raba gadonsa. Hanya ɗaya ce magidanci zai riƙe iyali da wannan lada: ya zauna inda ƙafa za ta kai shi aiki. Ɗakin nan mai warin tsohon mai, shi ne matarsa, shi ne 'yarsa.

Saura aikin. Mako shida ya yi yana fita da jakar burushi a kafaɗa, daga wannan gini zuwa wancan. Wasu masu gadi ba sa ma bari ya leƙa. Inda aka saurare shi, tambaya ɗaya ake yi masa: ina hoton aikinka? Yana tsaye samari za su zaro waya su yi ta shafa gilashi suna nuna ɗakunan da shi ya tabbata ko ƙofarsu ba su taɓa gani ba, a ɗauke su. Da ya leƙa abin da suke yi, sai ya ga rola ana dannawa kamar ana faɗa da bango, fenti yana zuba a kan tayil, an bi bakin taga da takarda mai danƙo don hannu ba zai iya tafiya shi kaɗai ba. Ya dawo ɗaki zuciyarsa tana tafasa, ya ci abin da ya samu, ya kwanta yana kallon baƙin silin.

A mako na bakwai ya tarar da wani ɗan kwangila, gajere mai tumbi, da fensir a bayan kunne, yana yi wa ma'aikatansa faɗa a kan makara.

"Malam, duk wanda ya riƙo burushi a garin nan cewa yake shi gwani ne. Ina hoto?"

"Yallaɓai, ni bango nake shafawa, ba waya ba."

"To, ɗauko mini bangon in gani."

Ma'aikatan suka kwashe da dariya. Ba-Ɗigo bai yi ba. Ya gyara tsayuwa ya ce, "In na nuna maka bango, za ka zo?"

"In bai wuce tafiyar ƙafa ba. A ina kake kwana? Ni na gaji da mutanen bayan gari, kullum mota ce ta lalace."

"Nan bayanku. Ka ba ni kwana goma."

Ya sayar da agogonsa ya sayo fenti da filasta da sanfefa. Kwana uku na farko kankara kawai ya yi, baƙar ƙura tana zubo masa a ido. Ya bi danshin bangon gabas har ya gano wani tsohon bututu da ke tsiyaya ta waje, ya ɗaure shi da hannunsa, ya bar bangon ya sha iska. Ya buɗe tsagar ya cike ta, ya goge har tafin hannu ya daina jin inda take. Sannan shafi na farko, sannan na biyu: sama ruwan madara, ƙasa shuɗi mai sanyi, a tsakaninsu siririn layi mai duhu da ya zagaye ɗakin ya dawo ya tarar da kansa daidai, ba hawa ba sauka. Tun da ya zo birnin, ranar ce ta fara zama masa kamar rana.

Direba ya leƙo, ya cire takalmi ba wanda ya ce ya cire. "Kai, Yaya! Ai ɗakin nan ya fi ƙarfinka yanzu. Fita za ka yi, a sa mutumin kirki."

"Rufe mini baki, mai warin yis ɗin burodi. Kada ka taɓa, bai gama bushewa ba."

Ɗan kwangila ya cika alkawari. Ya zo da hantsi, ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya juya sau biyu. Ya sa ido a kusurwa ya bi layin. Ya durƙusa ya duba simintin ƙasa yana neman ɗigo, ya tashi yana nishi. "Ranar Litinin, ƙarfe bakwai. Kai za ka riƙa yi mini ɗakunan ciki. Su wancan su yi katanga."

Ba-Ɗigo ya raka shi har bakin titi. Da ya dawo sai ya tarar da mai gidan hayar a ƙofar ɗakin. Dattijo ne mai taushin murya, da tarin makullai a ɗaure a ƙugu, kowa Baba yake ce masa. Ya daɗe yana kallo.

"Ikon Allah. Malam, ɗakina ne wannan? Allah ya yi wa hannun nan albarka."

"Amin, Baba." Ya ji daɗin yabon har cikin ransa. A ranar ya kira matarsa ya ce ta fara haɗa kaya, ƙarshen wata za su taho. Ya kwatanta mata kalar bangon, ya faɗa mata inda gado zai zauna.

Saura kwana biyar wata ya ƙare, ya dawo daga aiki ya ga Baba da wata mata mai farin takalmi, ma'aikaciyar asibiti, suna fitowa daga ɗakinsa. Da makullin Baba aka buɗe. Bayan ta tafi, dattijon ya zaunar da shi a kan dakali, ya yi ta kewaye-kewaye a kan tsadar zamani, da 'ya'yansa da ke makaranta, kafin ya sauka inda za shi: daga sabon wata, kuɗin ɗakin ya ninka.

"Baba, ya ninka? Ɗakin da shekara guda babu wanda ya ko tambaya?"

"Wancan ɗakin ne babu mai tambaya. Wannan mutum huɗu suka yi mini magana."

"To wa ya mayar da wancan ya zama wannan? Agogona na sayar! Bututunka da ke zuba, ni na ɗaure!"

"Ka kyauta, Allah ya saka. Amma Malam, tsakani da Allah, ni na sa ka?"

Gaskiya ce. Ba a sa shi ba. Ko izini bai nema ba, domin a iya saninsa wanda ya gyara abu godiya ake yi masa. Ya duba hannayensa da suka yi kaushi, ya ji kamar ya ɗauko bokitin baƙin mai ya watsa wa bangon, a koma inda aka fito. Ya san ba zai iya ba. Da ya ɓata layin nan, gara ya karya yatsunsa.

"Kada ranka ya ɓaci," in ji Baba. "Akwai na can ƙarshe, kusa da famfo, wanda nake ajiye tarkace. Zan bar maka a tsohon kuɗi. Ya ɗan lalace, amma kai da kake da hannu, mene ne a wurinka?"

Ba-Ɗigo ya dubi fuskar dattijon, ya ga babu mugunta a cikinta ko kaɗan, sai lissafi mai tsabta. Ya hango abin da ke gaba sarai: ya gyara wancan, a ninka, a tura shi wani, ɗaki goma sha ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, har burushinsa ya share shi ya fitar da shi ƙofar gida.

Kwana biyu ya yi yana neman wani ɗakin bayan an tashi aiki. Duk wanda ƙafa za ta kai, kuɗinsa ya fi ladansa. Wanda ladansa zai kai, mota uku ne. A rana ta uku ya kwashe tabarmarsa da jakar burushi ya koma ɗakin tarkace.

Ya share, ya wanke ƙasa sau uku, ya toshe ramin ɓera. Bango kuwa bai taɓa ba. Ya bar shi da zanen ruwan da ya gangaro shekara da shekaru, da tabon tsatsa, da filastar da ta ɓare ta bar bulo a waje. Da rana yana can bene na shida yana jan layi a ɗakunan da ba zai taɓa kwana a ciki ba, ɗan kwangila yana kawo baƙi su gani. Da yamma ya dawo ya zauna yana kallon bangon da ya san kwana huɗu kacal yake buƙata, hannunsa yana ƙaiƙayi. Baba ya riƙa leƙowa. Har wata rana ya ajiye masa galan ɗin fenti a bakin ƙofa, wai kyauta.

"Sai na samu sarari, Baba. Aiki ya yi yawa."

Sai bayan mako biyu matarsa da 'yarsa suka iso, ranar Asabar da rana, a motar burodi, direba yana ta danna hon kamar ya kawo amarya. Ta shigo da sallama, ta ajiye ƙullin kayanta, ta ɗaga kai. Ta dubi bango, ta dubi silin, ta dubi mijinta.

"Maigida, ina ruwan madarar? Ina shuɗin?"

"Yana can ɗaki na uku. In mai shi ta buɗe taga kya gani."

"Shekara nawa ina yi wa mata gori da mijina, ka kawo ni nan? Ko mai gyaran takalmi ai yakan ɗinke nasa."

Direba ya buɗe baki zai sa nasa, ya ga fuskar yayan nasa, ya fita ya ce zai shigo da sauran kaya. Ba-Ɗigo ya gaya mata komai a tsaye, bai rage ba, har da agogon. Sannan ya miƙa hannu ya tura ƙofa ta rufu.

A bayan ƙofar, daidai faɗinta, daga ƙasa zuwa sama, bangon sumul yake. Sama ruwan madara, ƙasa shuɗi mai sanyi, da siririn layi a tsakani, tsawonsa bai wuce kamu huɗu ba. Yarinyar ta matsa ta ɗora yatsa a kan layin ta bi shi har inda ya yanke, inda tsohon bulo ya ci gaba.

"Baba, me ya sa ya tsaya a nan?"

"Nan ne iyakar namu."

Matar ta buɗe ƙullinta ta zaro ƙaramin madubi. Ta duba ɗakin gaba ɗaya, ta dawo ta tsaya a gaban wannan ɗan wuri. "Samo mini ƙusa," ta ce.

"Ƙusa? A kan sabon fenti?"

Kafin ta ba shi amsa suka ji ƙarar makullai tana matsowa, da muryar Baba yana sallama, ya zo yi wa baƙi barka da zuwa. Ba-Ɗigo ya janye 'yarsa gefe, ya buɗe ƙofar har ta jingina da bango, ya sa ƙafa ya tare ta.

"Bismillah, Baba. Shigo."