Ni da Ampilin Baba, Duk Ƴan D

Ƙyas! Sai gurnani: uuuum. Da wannan ƙarar na tashi a gidanmu na Zango, cikin Damagaram. Baba ya dawo daga masallaci da asuba, ya danna ampilinsa, wannan akwatin ƙarfe mai ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya fita ta bafil, wato lasifika. Ku da kuka san mahaifina Malam Isufu tela kun san abin da ke biye: ya ɗaga yatsa sama, ya ce, "Kin ji? A'a, ba ki ji ba."

Allah Ya yafe mini, na yi kishin akwatin nan tun ina ƙarama. Nauyinsa kamar turmi, zafinsa kuwa har Inna ta taɓa shanya masa ɗankwali, aka yi kwanaki ba a ga dariyar Baba ba. Da bayan hannu yake taɓa shi, kamar mai duba jikin jariri. Ran da zazzaɓi ya kwantar da ni, ran nan shi ma ampili ya yi tari. Baba ya leƙo ya ce, "Uwata, sha ruwa da yawa." Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka. Sai ga shi ya hau kabu-kabu zuwa wurin mai gyara, ampili a cinya, an lulluɓe shi da bargona!

Inna ta ce, "Malam, ƴarka fa?"

Ya ce, "Ita tana da bakin faɗin inda ke mata ciwo."

Da na shiga kwaleji aka sa ni aji D. Wayyo! Baba ya sa babbar riga ya tafi lakwal, wato makarantar, da kansa. Malaminmu, da muke ce wa Mushe, ya yi ta bayani cewa harafi ne kawai na raba ɗakuna, ba shi ne matsayin yaro ba. Baba ya ce, "To in harafi ne kawai, Mushe, me zai rage ka in ka ba ta A?" Daga ranar, in na ƙona tuwo ko na ɓata allura, sai ya girgiza kai: "Ƴan D ke nan."

Shekaru suka wuce, na yi aure Mirriya. Ƴata Nana ta zauna wurin su Baba saboda makaranta, ni kuwa ina shigowa Damagaram in na samu mota. Wata ranar bazara ina gidan, kuran, wato lantarki, ya ɗauke, fanka ta tsaya, ampili ya yi tsit. Sai karatun Alƙur'ani ya taso ta kan katanga daga gidan Alhaji Lawali maƙwabcinmu, garau, babu gurnani ko kaɗan. Baba ya miƙe kamar an tsikare shi.

"Lawali! Injin ka saya?"

Alhaji ya leƙo da wani ɗan akwati a tafin hannu ɗaya. "Ampili kilas D ke nan, Malam. Batirin fanno, mai hasken rana, yake sha, kaɗan ya ishe shi. Ɗana ya ce kunna kansa yake yana kashewa da saurin da kunne ba ya kamawa, shi ya sa ba ya ɓarnar wuta, ba ya zafi."

Baba ya taɓa shi da bayan hannu, ya taɓe baki. "Sanyi ƙalau. Malalaci ne. Kuma ya tsai da magana ɗaya mana, ko a kunne ko a kashe! Ni da nawa kilas A-B ne zan koma harafi na huɗu?"

Amma Inna ta ce tun daga ranar, da kuran ya ɗauke sai Baba ya ja kujera gindin katangar Alhaji. In an tambaye shi, wai tsagewar gini yake dubawa kafin damina. Katangar nan ta sha dubawa, jama'a!

Rannan ya aiko a kira ni takanas. Na zo da sauri, na ɗauka jiki ne. Ashe rakiya zan yi masa shago sayen sabon ampili, don ni ce mai karanta faransanci a jikin kwali. Bafil ɗinsa biyu ya sa aka turo a kura, wai ba a zaɓar wa mutum takalmi ƙafarsa tana gida. Ya sa na karanto masa om nawa bafil ke so, wat nawa ampili ke bayarwa, har ya gamsu ba za su ƙona juna ba. Mai shago ya sa kiɗa ya murɗe har ƙarshe. Baba ya toshe kunne.

"Kai yaro, biki na ce maka zan yi? Kashe."

Ya manna kunnensa a bafil babu komai a kunne, yana neman gurnani. Sannan ya miƙo mini talho ɗinsa, wayar hannu, ya danna ɗaukar murya. "Uwata, yi magana a ciki."

Rana ta dafa ni, ƙafafuna sun gaji. Na ce, "Baba, don Allah mu tafi gida haka nan." Ya sa mai shago ya haɗa talho da kowane ampili, ɗaya bayan ɗaya, muryata tana ta roƙon a tafi gida, mutane suna dariya. Kunya kamar in nutse. A kan wani ɗan baƙi ya ɗaga yatsa. "Wannan."

Na duba kwali. Na ce, "Baba, D ne fa."

Ko a jikinsa. "Harafi ne kawai, Uwata."

"Au! Yau kuma? Ni da na sha gori tun ina yarinya?"

Ya ce, "Ke ba ki zo da garanti ba."

Har riga ya ɗinka masa, da aikin zare a baki. Ni rabona da ɗinkin hannunsa tun kayan aurena. Na koma Mirriya ina ta istigfari, ina cewa mace da ƴaƴanta tana kishin akwati. In na aika masa gaisuwa da saƙon murya ta talho, amsarsa ba ta wuce "madalla". Na saka a raina cewa ban kai ampili a wurinsa ba, na haƙura. Ban san kunnensa ya yi nauyi ba, har ba ya iya raba magana da gurnanin tsohon ampilin. Bai faɗa wa kowa ba sai Inna.

Da Allah Ya karɓi abinsa, aka ce in ɗauki abin tunawa. Na ce komai ban da sabon akwatin nan. Sai Inna ta sa shi cikin kayan Nana, da bafil da talho.

Ya Allah, Ka jiƙan Baba, Ka yafe masa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka jiyar da shi abin da kunne bai taɓa ji ba a Aljanna.

Jiya na cire wa ampilin rigarsa zan goge ƙura, hannuna ya danna. Ƙyas. Babu gurnani. Nana ta baro wanke-wanke da gudu, ta ɗauko talhon, ta lalubo wani abu. Sai ga muryata ta cika ɗakin, tana roƙon a tafi gida. Yarinyar ta ɗaga yatsa sama.

"Mama, kullum bayan karatu wannan Kaka yake sawa, da duk gaisuwar da kike aikowa. Sai ya ce mini, 'Kin ji uwata? A'a, ba ki ji ba. Sake sawa.'"