Sussukar Geron Yaya

Yayana ya rasu gero yana fid da kai. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, kafin a gama shawarar kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Shi ne ɗan farin Inna, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyenmu ya san abin da hakan yake nufi. Ana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi. Inna ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, in ya shigo gaishe ta sai ta amsa tana kallon murhu. "Yaron can" take ce masa, har ya yi gemu ya ajiye iyali.

Na zo daga Dawakin Tofa, inda nake aure, na tarar da gida a cike. Matar Yaya tana kuka, mu ƙannensa muna kuka. Baba ma, da kullum yake karantar da mutane haƙuri a zaure, na gan shi yana goge ido da bakin rawani. Inna kuwa tana zaune a tabarma, ido a bushe, ita ce ma take ba masu gaisuwa haƙuri. Mata suna fita suna cewa, "Kai, baiwar Allahn nan akwai kara, akwai tawakkali." Wannan yabo ya ƙona min rai, har yau in na tuna sai na ji zafinsa. Kowa ya san addini bai hana uwa hawaye ba. Kunyar ɗan fari ce kawai ta ɗaure ta.

Da aka share makoki sai ta daina cin abinci. In na kai mata tuwo ta taɓa miya da yatsa ta ture. Zaninta ya fara zagaye ta har ya yi saura. Na ƙi komawa ɗakina, don gani nake muna tafiya za a kira mu wata jana'izar.

Wata rana na durƙusa a gabanta na ce, "Inna, don girman Allah ki yi kuka."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke ba ki da kunya? A ce an gan ni ina kukan yaron can?"

Na fita ina huci. Haushinta nake ji, ina kuma jin tausayinta.

Da kaka ta yi, mazan unguwa suka yi gayya suka girbe gonar Yaya, suka jibge dammunan a bayan gidanmu. Sai matan maƙwabta suka sa ranar sussuka, kowacce ta zo da turminta da taɓaryarta. Goggo, yayar Baba, ita ce kan gaba. Tsohuwa ce mai baki, ba wanda take ragawa. Ta leƙa ɗakin Inna ta ce, "Matarmu, fito. Ba aiki za ki yi ba, da wannan ƙashin wuyan naki. Kaji za ki korar mana."

Inna ba ta iya yi wa dangin miji musu. Ta fito ta zauna a gindin darbejiya da ɗan kara a hannu.

Aiki ya kankama, ƙaiƙayi yana tashi. Can Goggo ta ɗaga wata zangarniya mai kauri ta ce, "Ku dubi nan. Yaron nan ya iya noma, sai dai rowar gyaɗa. Ko ni sai na yi masa barazanar tsinuwa yake ɗebo min." Aka yi dariya. Wata ta ce shi ya gyara mata danga bara, wata ta tuna yadda ya gudu daga wanzami yana yaro. Ni dai Inna nake kallo. Ta daina korar kajin.

Sai Goggo ta jingina taɓarya, muryarta ta sauya. "Ni ma da nawa ɗan farin ya tafi ban yi kuka ba. Aka yi ta yabona. Wallahi yabon nan bai taɓa sa ni barci ba." Hawaye ya biyo tsagar fuskarta, ba ta share ba. Wata dattijuwa daga gefe ta ce ita ma haka, nata ko shekara bai cika a duniya ba. Na girma a cikin matan nan, ban taɓa sanin abin da suke ɗauke da shi ba.

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Inna, kamar an tsaga sabon yadi. Ta yi sauri ta toshe baki tana waigen zaure, inda maza suke zaune. Goggo ta ɗaga hannu ta ce, "Ku ba ni lugude!"

Matan suka gane. Suka haɗa taɓare a turame da ƙarfinsu, suna cafewa suna tafi, har ƙasa tana amsawa. Tsofaffin suka kewaye Inna da jikinsu. A cikin wannan ƙara ta yi kukanta, ta kira shi da sunansa, ta sake kira. Ba wanda ya ji sai mu. Hannuwan matan sun gaji, na gani, amma ba wadda ta tsaya sai da Inna ta yi shiru don kanta.

Aka kawo fura. Goggo ta miƙa mata ludayi ba tare da lallashi ba, ta karɓa ta sha. Ta daɗe tana kallon tulin geron, sannan ta ce da dasasshiyar murya, "Yana jariri, in surukata ta tafi rijiya, bayan rumbu nake kai shi in yi ta yi masa rawa. Har ya mutu bai sani ba."

Goggo ta fyace hanci da gefen mayafi. "Ya sani mana, matarmu. Ni na gaya masa. Kina tsammani ba ma ganinki?"