Teburin Masu Babban Tari

Ladan bai sauke kiran assalatu ba muka bar gida, ni da mata biyu 'yan unguwarmu, muka nufi filin jirgin Kano. Umara ce ta ɗauke mu, amma ni akwai wani abu ƙulle a lalitata: kuɗin shanuna biyu da na sayar, zan kai wa jikana Habibu da ke tuƙin mota a Makka. Iƙamarsa, wato takardar zaman ƙasa, ta kusa mutuwa. In ta mutu aka kama shi, gida za a maido shi, ya bar mace da 'ya'ya uku a can.

Daga Jidda zuwa Makka hanya ce shimfiɗe, ba rami ko ɗaya, sai baƙaƙen duwatsu hagu da dama. Ɗaya daga cikin abokan tafiyata ta ce barci ya ƙi zuwar mata don motar ba ta girgiza. Muka yi ɗawafi, muka yi Safa da Marwa, ƙafafuna suka kumbura, na gode wa Allah.

Habibu a unguwar Mansur yake. Can za ka ji Hausa a bakin titi, ga mai tsire, ga mai waina, kamar ba ka bar gida ba. Kwanon tuwo riyal goma. Da aka juya mini shi zuwa naira sai yunwar ta tafi. Yaransa "sitti" suke ce mini, wato kaka da Larabci, Hausarsu duk ta karye.

Rana ta uku bayan la'asar na ga ya duƙufa a kan waya. Na leƙa, sai ga koren tebur da karta. Ban yi boko ba, amma na san caca. Na ce, a garin nan, Habibu? Ya yi dariya, ya ce amaryarsa, wai ni, ta fara sa ido. Wai wannan foka ce, kartar Turawa, ilimi ce, ba irin ta 'yan tasha ba. Ya nuna mini kowane mutum da tarin kuɗinsa a gabansa. Kafin ya zauna sai ya duba tarin kowa. Mai ƙaramin tari ba ya zama da masu babba, don sau ɗaya za su tura tarinsu ya tashi ba komai. Kuma ba ya shiga tebur da fiye da kashi ɗaya cikin ashirin na abin da ya mallaka. Shi ya sa, in ji shi, shekara biyu yana teburin ƙanana bai nutse ba. Na yi masa faɗa har muryata ta dushe, ya rantse ya daina.

Matarsa ta same ni a kicin tana jujjuya ludayi, ta ce a hankali, "Hajiya, in kin zo da wani abu, ki ba ni in ajiye." Na ji, na kuma gane. Amma ni a gidan da na tashi ba a tsallake namiji a miƙa wa matarsa kuɗi, kunyata shi ke nan a gaban iyalinsa. Na kira shi ɗaki, na damƙa masa, na sa masa albarka.

Muka wuce Madina kwana huɗu. Gari ne mai sanyin rai, dabino har ya gundure mu, na sayi darduma uku na tsaraba.

Ranar da muka dawo na tarar da gidan shiru. Matar ta gaishe ni idonta jawur. Habibu na zaune a ƙasa, bai ce amaryarsa ta dawo ba. Na tambaye shi takarda. Ya ce, "Kaka, da kuɗinki tarina ya girma, sai na ga na kai in zauna da manya. Na ce in ninka, in biya iƙama, in mayar miki da shanunki." Zama uku ya yi da su. Na farko ya shiga da kaɗan aka cinye, na biyu ya ƙara don ya fanso, na uku ya tura duka.

Ban zage shi ba. Na koma Harami na zauna ina kallon Ɗakin Allah, na rasa ta inda zan fara roƙo.

Ranar tafiyarmu takardarsa ta riga ta mutu. Akwai shingen bincike a hanyar Jidda, don haka bai raka ni ba. A ƙofar gida ya tsaya, ya ɗora mini jarkar zamzam a mota, ya koma ciki kafin mu ɗaga. Motar tasa tana ajiye an rufe ta da tamfol.

Mun sauka Kano lafiya, 'yan taya murna suka cika gida, na raba zamzam da dabino. Da suka watse na zagaya baya, na tsaya a kan turaku biyu da ba komai a ɗaure. Shekara biyu rashi ya tsare yaron nan a teburin ƙanana, ni na ɗauki kuɗi tun daga Kano na kai shi wurin manya. Yarinyar nan ta faɗa mini gaskiya a kicin, na zaɓi kunyar jikana a kan zamansa da 'ya'yansa. Yanzu in waya ta yi ƙara daga Makka, sai na yi addu'a kafin in ɗauka.