Ashe Akuyarmu Ke Cin Rabon Baba

Jama'a, ana sallame asuba na fice daga gidanmu a Rafin Guza, ko shayi ban tsaya ba. Malamarmu ta darasin abinci da lafiya ta ce za ta kai 'yan ajinmu wata gona a Rigachikun. Wallahi da farko yawo kawai na sa a rai, ashe tafiyar tawa ce.

Ga dalili. Babana kafinta ne, yana da ciwon suga. Tunda aka ce ya rage tuwo, Umma ta koma yi masa na alkama kullum, shi kuma ya tsane shi. Ya ci loma biyu ya ture kwano, ya tafi shago da yunwa. Duk ya zabge, wandonsa sai da igiya. Har ya fara cewa shi kam ya gaji, zai koma cin abin da ya ga dama, in ta ƙare ta ƙare.

A Kawo muka haɗu. Bas ɗinmu sai a hankali, ƙofa ma da waya aka ɗaure ta. Ƙosan tasha kuwa ya koma kamar maɓallin riga, kuɗin na nan, girman ne ya yi hijira. Muka miƙi titin Zariya, tireloli na ta yi mana tsawa, 'yan baya na ta ɗaukar hoto.

Muna sauka na ware ido. Kai! Jar dawa ta nuna iya ganinka, kawunanta sun sunkuya, rana na dukansu kamar garwashi. Gefe guda ga zoborodo ja wur, ga zogale, ga tsamiya ta yi rumfa. Ni ɗan birni, ban taɓa ganin zobo a tsaye ba sai a leda.

A gindin tsamiyar Malama ta sa aka kawo kofi biyu na ruwan zafi. Ɗaya ta zuba surfaffiyar dawa, ɗaya ta zuba dusarta. Kafin ka ce me, na dusar ya rine ja, ɗayan yana nan fari fat. Ta ce wannan jan, da ɗan baurin da ke kama harshe, alamar wasu sinadarai ne da ake kira folifenol. Tsiro na yin su don kare kansa. In mutum ya ci, suna taimakawa wajen rage saurin da tuwo ke komawa suga a ciki. Akwai su a zobo, jar albasa, ganyen zogale, wake. A dawa kuwa, yawancinsu na jikin ɓawon.

Nan kaina ya yi dum. Mu fa a gida sai an kai dawa inji an surfe ta, an wanke ta tas, don tuwo ya yi fari a fita kunya. Dusar kuma? Akuyar Umma!

Na ce, “Malama, kenan Babana ya ajiye magani?”

Ta harare ni. “Kai, kar ka soma! Abinci taimako ne kawai. Malmala ƙarama, miyar ganye da yawa, zobo ba sukari. Kuma ku faɗa wa likitansa.”

Na sayi jar dawa a kasuwar bakin titi, na rungumo ta har gida kamar jariri, na ce a niƙa wa Baba ita da dusarta. Umma ta ce, “A niƙa ba surfe? Tuwon zai yi baƙi, maƙwabta su ce mun talauce.” Sai da Baba ya je asibiti ranar ganin likitansa, aka ce ya gwada kaɗan yana auna sugansa, sannan ta yarda.

Tuwon ya fito ja-ja, da miyar zogale. Baba ya gutsura, ya tauna. Muna ta kallonsa. Sai ya ce, “Irin na kakata ne a ƙauye.” Ya cinye tas, har da suɗe hannu.

Abin da na koyo, jama'a: wani abin da muke zubarwa don neman fari, shi ne mai amfanin. Baba na shan maganinsa, kuma yanzu ba ya fita da yunwa.

Akuya ce dai ta shiga uku. Jiya tana ta kuka a tsakar gida, Baba ya leƙo ya ce mata, “Haƙuri za ki yi, Hajiya. Kin daɗe kina cin rabona.”