Malam Halliru da Tsirkiyar Marigayi

Da hantsi Malam Halliru yake buɗe rumfarsa a bayan kasuwar Kazaure. Sai ya share ƙofa, ya yayyafa ruwa, ya fito da benci biyu, nasa da na baƙo. Na baƙon nan sau tari haka yake wuni, in ba akuyar maƙwabta ta hau ta sauka ba. Shekara talatin da ɗoriya yana gyaran rediyo da lasifika, amma abin da aka san shi da shi har Babura shi ne jita, irin wadda ake jona wa lantarki. A da, makaɗan biki masu ƙetarowa daga Nijar ba sa wuce garin nan sai ya duba musu kaya. Yanzu fiyano da kwamfuta sun karɓe kiɗan. Abokan hirarsa wasu sun koma gona, wasu ƙasa ta rufe musu ido. Kunnensa ma ya yi nauyi, sai ya ɗora haɓa a jikin katakon jita kafin ya gane ko amo ya daidaita. An ce bayan babbar salla zai rufe rumfar, shi ya sa na ce bari a faɗi alherinsa tun yana ji, ko da sai an ɗaga murya.

Dokarsa ɗaya ce, kuma ba ya tanƙwara ta. Tsirkiya shida ce a jikin jita, to in ɗaya ta tsinke, duka yake sauyawa. Wai sabuwa cikin tsofaffi ita kaɗai za a riƙa ji tana tsiwa, kuma wadda ta tsinke riga 'yan uwanta ta yi, su ma suna hanya. Mutane nawa suka yi fushi suka je aka ɗaura musu guda, kafin sati su dawo suna sosa ƙeya?

Sau ɗaya aka ga ya karya dokar, kuma Fatu mai fura da ke zama kusa da shi ce shaida. Wata dattijuwa ce, Ikilima, ta zo daga Roni da ɗanta Muhsin, magidanci, rungume da jita cikin zane. Ta mijinta Mamuda ce, makaɗi, wanda ya rasu bara. Ana shirin bikin autarsu, Muhsin yana so ya kaɗa wa ƙanwarsa abin da ubansu ya kaɗa a bikin yayyenta, yana gwaji siririyar tsirkiyar ta tsinke.

"Baba, a zuba mata sabon saiti kawai," in ji Muhsin. "Duk sun yi tsatsa."

"Tsatsar gidanku," in ji uwar. "Gumin hannun ubanka ne. Malam, guda ɗaya za ka sa, ka bar mini biyar ɗin yadda mai gidan ya bar su."

"Inna, za a yi mini dariya a gaban surukai."

"A yi mana. Da wa ba a yi wa ba?"

Malam Halliru kuwa, watakila rabin maganar ma bai ji ba. Juya jitar yake yi a cinyarsa. Ya san ta, shi ya ɗaura mata tsirkiyoyin nan da hannunsa, ranar Mamuda yana zaune yana tsokanarsa da kurma. Ya duba ya ga daga gindi ta tsinke, wajen ɗan ƙullin ƙarfen da ke riƙe ta. Shi kuwa ɗabi'arsa ce tun zamanin da sai an je Kano ake samun tsirkiya, in zai ɗaura sai ya bar rara naɗe a kunnen da ake murɗawa. Ya warware rarar a hankali, ya jawo, ya murɗa ƙullin da filaya ya mayar. Babu sabuwa ko ɗaya. Ya ɗora haɓa, ya taɓa, ya daɗe a haka bai ɗago ba.

"Hajiya, ta koma," ya ce. "Amma ba zan ɓoye miki ba. In an rataye ta a ɗaki, za ta yi shekaru. In an kaɗa, ba na jin za ta wuce bikin."

Ikilima ta shafa katakon jitar. Sannan ta ce, "Shi bai taɓa rataye ta ba. A kaɗa."

An kaɗa. Ranar bikin daga cikin ɗaki Ikilima ta saurara, ita kaɗai, ta tura ƙofa. A waƙa ta uku tsirkiyar ta tafi. Bayan kwana biyu ita da kanta ta aiko Muhsin, ta ce yanzu a sauya duka. Malam Halliru ya cire tsofaffin ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe, ya ƙulle a takarda ya ce a kai mata.

Kai ne, Malam, gwani mai sanin inda doka take tsayawa. Kai ne ka ga mace ta zo da makoki a cikin zane, ba ka ce mata ƙarfe ne kawai ba, ba ka kuma yi mata ƙaryar zai dawwama ba. Mun gode. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku kuma masu sana'a, kafin ku ɗauki filaya ko almakashi, ku tambayi mai kaya hannun wa ya taɓa shi na ƙarshe.