Ƙullin Bakin Buhu

Shekara ashirin da shida Inna Mai Gwanjo ta yi a shago ɗaya, ɗan ƙuƙut, mai tagar da ba ta buɗuwa. Ba kowane tarkace take sayarwa ba. Tsofaffin kaya ne na gani na faɗa: kwat mai maɓallin ƙashi, siket ɗin da aka daina irin ɗinkinsa, jakunkunan fata da suka girmi masu sayensu. Ka kuskura ka ce "tsumma" a gabanta, sai ta wanke ka tas.

Wanda ya leƙa ɗakin ajiyarta na baya zai rantse guguwa ce ta jera shi. Buhuna ne har rufi, babu rubutu ko ɗaya. Amma ita ta san abinta. Kowane buhu da igiya a baki: ƙulli ɗaya auduga, biyu ulu, uku siliki. Ulu yana sama saboda danshi, da kafur a ciki saboda asu. Jakunkuna suna rataye a ƙusa, an cusa musu takarda kada su motse.

Abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne, idonta ya tafi, sai dishi-dishi. Da yatsa take karanta ƙullin nan. Ta san 'ya'yanta sarai: ranar da suka ji, ranar za su sa wa shagon kwaɗo, su ajiye ta a falo tana jiran a kawo mata shayi. Wannan take tsoro, fiye da makantar kanta.

Sai zazzaɓi ya kwantar da ita kwana huɗu. Autarta, wadda ta yi aure bara, ta karɓi makulli. Yarinya ce mai zafin nama, ga son a yaba. Ta sayo manyan robobi masu murfi, ta zazzage buhunan kaf, ta jera kaya kala-kala, ta manna wa kowace roba takarda da rubutu. Igiyoyin kuwa ta tattara ta watsa a shara.

"Inna, zo ki ga aiki!" in ji ta, ranar da uwar ta dawo.

Inna ta shafa roba ɗaya, ta shafa ta biyu. Duk sumul, babu bambanci. Amma ta ce, "Sannu, Allah ya yi albarka."

Ba a jima ba wata malamar makaranta, tsohuwar abokiyar ciniki, ta zo karɓar koriyar rigar siliki da aka ware mata. Inna ta shiga baya ta yi ta lalube, har hannunta ya faɗa kan siliki. Ta fito da shi da fara'arta.

"Inna, ai wannan ja ce," in ji malamar.

"To ja ba ta yi miki ba? Ke dai kin cika zaɓe."

Malamar ta yi dariya, ta ce za ta dawo gobe. Auta ba ta yi dariya ba.

"Robar kore tana gabanki, Inna. Da manyan baƙaƙe na rubuta." Ta matso, ta kalli idon uwarta da kyau. "Tun yaushe?"

"Ke, rabu da ni."

"Inna, tun yaushe?"

Inna ta zauna a kan kujerarta, jar rigar a cinya. "Tun kafin aurenki."

"Amma ranar kin ce na yi kyau."

"Ban yi ƙarya ba. Na shafa rigarki daga wuya har ƙasa, ɗinki ya zauna ɗas. Fuskar ce ban gani ba."

Auta ta durƙusa ta kifa kanta a gwiwar uwar tana kuka. Inna ta bari ta yi mai isarta, sannan ta ce a hankali, "Ki gaya wa yayyenki in kin ga dama, ba zan hana ki ba. Amma ku bar min shagon nan. Nan kaɗai ne ya rage inda nake tafiya babu mai riƙe min hannu."