Tayoyin Motar Baba

Shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, ni na gaji mukullin a-kori-kurarsa. Yayyena maza biyu suna Gabon, ƙanwata ba ta iya tuƙi ba, ni kuwa sakatariya ce a wani ofishi a unguwar Bonapriso ta Douala, ina buga takardu da Faransanci daga safe har la'asar. Sau biyu a mako ake kai shi asibiti a motsa masa gaɓoɓi. Mutum ne da ya tsufa yana jigilar goro da albasa tsakanin Douala da arewa, wanda in mota ta wuce ta bayan katanga yakan faɗa maka abin da ke damunta. Ciwon ya tafi da hannunsa na dama, ya tafi da maganarsa. Kalma ɗaya ta rage masa, “to”. Da ita yake cewa i, da ita yake cewa a'a, da ita yake kiran sunana.

Layinmu a New Bell, da zarar damina ta kankama, ba ka sanin inda rami yake. Gaban motar kuma ya fi bayanta kusa da ƙasa. Wata Talata ƙirjinta ya daki wani dutse da ruwa ya rufe, har kan Baba ya bugi gilashi. Washegari na kai ta wurin wani makanike a Nkololoun. Ya ce a ɗaga gaban ya daidaita da baya, ya cusa wasu ƙarafa masu kauri a saman sifirin. Da aka sauke ta daga jak sai ta tsaya ɗas, amma tsofaffin tayoyin, waɗanda dama sun side, suka koma 'yan ƙanana a ƙarƙashinta.

Maƙwabcin makaniken mai sayar da taya ne, ƙato mai fara'a. Ya mirgino wata ya nuna min lambar da ke gefenta, 285/70. Ya ce lambar farko faɗi ce, ta biyu tsayin gefe. Ya ce irin wannan taya ba ta zama a kan tsohon janti, wato ƙarfen da ake ɗaura ta a kai, sai an sa sababbi masu faɗi.

Na ce, “Malam, ba za ta taɓa jikin mota ba?”

Ya ce, “Ça passe, Madame. Za ta wuce, har da sauran wuri.”

Na biya, aka ɗaura sababbin. Na bar masa tsofaffin jantin, na taho.

A miƙaƙƙiyar hanya lafiya ƙalau. Ranar asibiti, muna dawowa, na murɗa sitiyari har ƙarshe zan shiga ƙofar gida, sai na ji gurrr daga ƙarƙashin ƙafata, kamar ana jan buhu a kan kwano. Baba ya daki gaban motar da hannun hagu.

“To! To!”

Na fita na leƙa. Gefen tayar ya goge gardabu, baƙar robar nan da ke rufe saman taya, har ta yi sheƙi.

Na koma Nkololoun. Mai taya ya ce ƙaramin abu ne, ya ɗumama robar da wuta ya danna ta ciki, ya yanke leɓenta da wuƙa. Ƙarar ba ta daina ba. Na sake komawa aka sauya da 275. Ta yi shiru kwana biyu, sannan ranar da na faɗa rami sitiyari a murɗe, ta dawo. Na koma karo na uku aka sa 265, daidai da faɗin waɗanda aka cire tun farko. Ta ragu, amma tana nan. A ofis nakan ɓoye wayata a ƙarƙashin tebur ina karanta bayanan taya, ina rubuta lambobi a bayan ambulan. Shugabata ta fara tambayata ko lafiya. Makaniken ya ce laifin mai taya ne, mai taya ya ce makaniken bai ɗaga motar sosai ba, ni kuwa ina tsaye tsakaninsu da jakata a hammata ina kallon bakin kowa.

Duk ranar da na dawo da sababbin tayoyi, Mama takan sa a fito da Baba bakin ƙofa a kujera. Sai ya miƙa sandarsa ya ƙwanƙwasa ƙafar motar, ya dube ni.

“Ta yi girma, Baba?”

“To.”

“A rage kenan?”

“To!”

Na ba shi biro da takarda. Da hannun hagu ya zana da'ira, ya sake zana wata a cikinta, sai biron ya faɗi. Na tsinta na mayar masa, ya ture. Ranar na ga hawaye a fuskarsa, abin da ban gani ba ko a ranar da ya faɗi. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, ban ko cire takalmi ba.

Wata Juma'a bayan masallaci, wani tsohon abokin tafiyarsa ya zo dubiya daga Sodiko. Bafulatani ne, tsohon direba, muna ce masa Baffa. Mama ta ba shi labari. Ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna a gefen motar, ya daɗe yana kallo. Sannan ya dafa robar tayar ya dubi Baba. Baba ya rufe ido. Baffa ya matsar da hannunsa kan ƙarfen da ke tsakiya.

Baba ya ce, “Tooo.”

Baffa ya ce, “'Yata, ai ba taya yake nuna miki ba, janti ne. Waɗannan sun turo ƙafar waje. In kin murɗa, sai gefenta ya yi zagaye mai faɗi ya kamo gardabu. Ko wace lamba kika sa, za ta goga. Ina nasa na asali?”

Mai taya ya riga ya sayar da su. Mako biyu ni da Baffa muna bin masu sayar da kayan tsofaffin motoci, ni a bayan bensikin, wato acaɓa, da ɗankwalina a hannu, shi a wani babur a gabana, kafin muka haɗa huɗu iri ɗaya. Aka ɗaura tayoyin 265 ɗin a kansu. Na murɗa sitiyari hagu har ƙarshe, dama har ƙarshe, na yi baya, na hau tudun ƙofa. Shiru. Ranar asibiti ta gaba, Baba ya yi barci a mota muna dawowa.

Sau uku kacal na kai shi a haka. A watan Agusta aka kwana uku ana ruwa ba sassauci. Safiyar Talata na fito na tarar ruwa ya haye tayoyin ya shiga cikin motar, takalman Baba na roba suna yawo a ƙarƙashin kujera. Ban ma gwada tayar da ita ba.

Maƙwabta huɗu suka naɗe wanduna, suka ɗaga Baba a kujerar roba zuwa bakin kwalta. Ina bin su a baya, ruwa har cinyata, ina miƙa lema ba ta kai kansa. A bakin titi muka tsaya, tasi suna wucewa cike da mutane, ba wadda ta tsaya. Sai wajen sha ɗaya wani mai motar burodi ya tausaya mana. Da muka isa asibiti, wata ma'aikaciya ta dubi agogo, ta dubi rigar Baba da ke ɗiga a kan tayil, ta ce mai motsa masa gaɓoɓin ma bai samu fitowa daga unguwarsu ba. Ta kawo mana tawul, ta ce mu dawo ranar Alhamis.